Dutsen Sama a Fili: Yadda Ake Gane Shi, a Ba Shi Aji, a Raɗa Masa Suna

A watan Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani dutse mai nauyin kilo 24 da ɗoriya a birnin New York a kan dala miliyan 5.3. A Saharar jihar Agadez aka tsince shi a watan Nuwamban 2023, masana kuma suka tabbatar ɓallin duniyar Mars ne. Gwamnatin Nijar ta nuna shakku kan halaccin fitarsa daga ƙasar, ta buɗe bincike, ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu, shi kuwa kamfanin ya ce takardunsa cikakku ne. Wannan shari'a tana hannun masu ita. Tambayar da ta riga ta zuwa ita ce ba a cika yi ba: wa ya ce dutsen daga Mars yake, kuma me ya gani a jikinsa har ya faɗa? Dutse dai ba ya faɗowa da takarda. Tsakanin hannun wanda ya duƙa ya ɗauka da layi ɗaya da ake rubutawa a kundin duniya akwai doguwar hanya, kuma galibin duwatsun da suka bi ta ba a Mars suke ƙarewa ba.

Duwatsun sama suna faɗowa ko'ina, a teku da daji da gona, ba su zaɓar ƙasa. Abin da ya bambanta Sahara shi ne ba ta cinye su. Akwai ƙarfe a cikin yawancinsu, ruwa kuwa abokin gabar ƙarfe ne. Dutsen da ya faɗa fadama, tsatsa za ta farfasa shi, ciyawa ta rufe shi, garma ta juye shi. Wanda ya faɗa fili mai tsakuwa inda ruwan sama ba ya wuce yayyafi a shekara zai iya zama dubban shekaru a inda ya sauka, baƙi a kan farar ƙasa, ana hango shi daga nesa. Shi ya sa masana suka raba kundinsu gida biyu: wanda aka ga faɗowarsa, da tsintacce. Cikin duwatsu sama da 70,000 da aka yi wa rajista, waɗanda aka ga faɗowarsu dubu ɗaya ne da 'yan ɗari. Sauran duk tsintuwa ce, akasari daga ƙanƙarar Antatika da hamadun Afirka ta Arewa da Oman da Chile.

Ga dutsen a hannu. Abin da ido ke fara nema shi ne ɓawo. Yana shigowa iskar duniya da gudun da bai gaza kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya ba, fatarsa tana narkewa tana zuba, sai gudun ya karye ragowar ta daskare ta zama baƙin ɓawo siriri, da wuya kaurinsa ya wuce milimita ɗaya. Wutar ba ta shiga ciki, domin duk abin 'yan daƙiƙoƙi ne. Inda ɓawon ya ɓantare za ka ga cikin fari-fari ko ruwan toka. Kusurwoyinsa a goge suke, wani lokaci da 'yan lotsawa marasa zurfi a jiki. Ya fi dutsen gari na girmansa nauyi, wajen kashi ɗaya cikin uku ko kusa da haka. In ka ɗaura maganaɗisu a zare ka kusanto da shi, zaren zai karkata. Amma tsintacce da ya daɗe a rana, iska mai yashi ta kankare ɓawon, ya koma ruwan ƙasa mai ƙyalli, ya tsattsage, sai ya yi kama da dubun duwatsun da ke kewaye da shi.

A nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu, kuma ƙasarmu cike take da abin yaudara. Kakanninmu sun narka tama ƙarni bayan ƙarni, a gindin Dala da wurare da dama, suka bar tulin kashin maƙera: baƙi, mai nauyi, da alamar narkewa a fuska, wani ma yana kama maganaɗisu. Ga marmara, ga tamar kanta. Ga gatarin aradu da ake tsinta a gona a ce tsawa ce ta jefo shi, alhali hannun ɗan Adam ne ya sassaƙa shi tun kafin zamanin ƙarfe. Hanya mafi sauƙi ta kore kashin maƙera ita ce ramuka. Dutsen da ya cika da ƙananan ramuka da kumfa daskararriya kusan kullum ɗan ƙasa ne. Haka nan wanda aka ga farin dutsen wuta a cikinsa, ko wanda in an goga shi a bayan tayil ya bar jan layi.

Maganaɗisun nan ma yana da ɓarnarsa. A 2023 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna cewa maganaɗisun hannu mai ƙarfi yana shafe tsohon tarihin maganaɗisu da ke cikin dutse, kuma haka ya faru da gutsattsarin dutsen da aka yi wa rajista da suna NWA 7034, ɗaya daga cikin mafi tsufan duwatsun Mars da ake da su. Bayanin da ya tsira shekaru biliyoyi, gwajin minti ɗaya a kasuwa ya goge shi. Abin dariyar kuma shi ne duwatsun Mars da na wata, waɗanda suka fi tsada, da ƙyar suke amsa maganaɗisu. Mai dogaro da shi kaɗai zai ɗauki mai arha ya tsallake mai tsada.

Gwajin da ya fi faɗin gaskiya shi ne a buɗe 'yar taga. A sami kusurwa ɗaya a goge ta da magagari, a bi da samfefa har ta yi sumul, faɗin farce ya isa. A jiƙa wurin a karkata shi ga rana. In dutsen sama ne na gama-gari, za ka ga ɗige-ɗigen ƙarfe masu walƙiya warwatse a cikinsa, farare ƙal, kowanne da ɗan zoben tsatsa in ya daɗe a ƙasa. A tsakaninsu kuma akwai ƙwayoyi zagayayyu kamar ƙwayar gero, wasu sun fi haske, wasu sun fi duhu, wasu sun fashe rabi. Babu dutsen duniyar nan da ke da waɗannan biyun tare. Ƙarfen haɗe yake da nikel, abin da ba a samu a tamar gida. Ƙwayoyin kuwa ɗigon dutse ne da ya narke yana shawagi a sarari, ya daskare kafin a yi duniya, shekaru wajen biliyan 4.56 da suka wuce. Sunansu kondurul, dutsen da ke ɗauke da su kuma kondirait. Cikin kowane 100 da aka ga faɗowarsu, wajen 86 kondirait ne. Wajen 8 duwatsu ne marasa ƙwayoyi, ragowar ƙarfe zalla ko rabi-da-rabi.

Iyakar abin da ido zai iya ke nan. Daga nan sai ɗakin bincike.

Ƙungiyar masana duwatsun sama ta duniya, Meteoritical Society, wadda aka kafa a 1933, ita ke da kwamitin da ke amincewa da suna da aji. Sharaɗinta na farko shi ne a yanki samfuri, giram 20 ko kashi 20 cikin 100 na dutsen, duk wanda ya fi ƙanƙanta, a ajiye shi dindindin a wata jami'a ko gidan tarihi da ta yarda da shi, don duk mai shakka ya je ya sake aunawa. Daga samfurin ake yanko ɓalli a manna a gilashi, a yi ta gogewa har kaurinsa ya koma kashi 3 cikin 100 na milimita. A wannan sirantar dutse yana barin haske ya ratsa. A ƙarƙashin madubin bincike, da haske tatacce, ƙwayoyin nan suna fitowa da launuka, shuɗi da ja da rawaya, wata da sanduna jere a cikinta, wata da zare-zare da suka bazu daga gefe guda. Sai a kai gilashin ga na'urar da ke harba lantarki a kan ɗigo guda ta faɗi sinadaran da ke wurin. Ma'adinai biyu ake bi, olibin da pairoksin, ana auna gomman ƙwayoyinsu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ake nema shi ne yawan ƙarfen da ya shige cikin olibin. Kondirait na gama-gari gida uku ne: H mai ƙarfe da yawa, L mai ƙarfe kaɗan, LL mai ƙarfe kaɗan wanda kuma ɗige-ɗigensa masu walƙiya suka fi ƙaranci. Hankali zai ce olibin na H ne zai fi ƙarfe. Akasin haka ne. A H ƙarfen ya tsaya da ƙafarsa a matsayin ƙarfe, bai shiga ma'adinan ba, don haka awon olibin nasa yana tsayawa tsakanin 16 da 20 cikin 100. Na L yana wajen 23 zuwa 26, na LL 27 zuwa 32. George Prior na gidan tarihin Landan ne ya lura da wannan ƙa'ida fiye da shekara 100 da suka wuce: duk lokacin da ɗige-ɗigen ƙarfe suka ragu, nikel ɗin cikinsu yana ƙaruwa, ƙarfen cikin ma'adinai ma yana ƙaruwa. Ga tsintaccen dutse wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Ɗige-ɗigen su ne tsatsa ke fara ci, ta yiwu ma sun ƙare ƙaf, amma olibin yana jurewa. Dutsen da ya ruɓe har maganaɗisu ya daina kama shi, olibin nasa zai faɗi gidansu.

Bayan harafi sai lamba. Tsarin da masana biyu, Van Schmus da Wood, suka fitar a 1967 ya jera duwatsun daga 1 zuwa 6, amma ba daga 1 ake fara karatunsa ba, daga 3 ne. Lamba 3 shi ne ɗanye, wanda ya fi kusa da yadda aka tara shi tun farko: ƙwayoyinsa a fili raɗau, kuma in ka auna olibin goma za ka sami amsa goma, domin kowace ƙwaya da inda ta fito. Daga 4 zuwa 6 zafi ne ke ƙaruwa. Uwar dutsen, wato ƙaton curin da ya ɓalle daga jikinsa, ta yi zafi daga ciki saboda wani nau'in alminiyam mai tururin nukiliya da ya yawaita a farkon zamani ya kuma ƙare cikin 'yan miliyoyin shekaru. Abin da ke can ƙarƙashi ya gasu, har wajen digiri 900, ba tare da ya narke ba. Abin da ke kusa da fata ya tsira. Gasuwar tana daidaita olibin su koma amsa ɗaya, tana kuma shafe iyakar ƙwayoyin, har a lamba 6 sai an ƙura ido kafin a gano su. Daga 3 zuwa ƙasa, 2 da 1, ruwa ne ya yi aikin ba wuta ba, kuma wannan a wani dangi dabam ake ganinsa, masu gawayi a jiki.

Ba sai an je nesa neman misali ba. Dutsen Kabo da ya faɗo a ƙasar Kano a 1971, H4 ne. Na tsaunin Tazerzait a Nijar, wanda ya faɗo a 1991 da nauyin kilo 110, L5 ne. Na Kilabo a yankin Haɗeja, 2002, LL6. Harafi biyu ko uku, amma wanda ya iya karatun ya san cewa waɗannan ukun ba uwarsu ɗaya ba, ya san kuma na Kilabo ya fi na Kabo nutsewa a cikin tasa uwar.

Saura alamomi biyu. S daga 1 zuwa 6, tsarin Stöffler da abokan aikinsa na 1991, yana auna dukan da dutsen ya sha lokacin da duwatsu ke karo da juna a sarari: tsagewar olibin, baƙaƙen jijiyoyin narkakken dutse, da ma'adinin da duka ya mayar gilashi ba tare da ya narke ba. W daga 0 zuwa 6, tsarin Wlotzka na 1993, yana auna abin da duniyarmu ta yi masa. W0 sabo ne fil, W2 tsatsa ta ci wani kaso na ƙarfen, W4 ta cinye shi duka. Wannan ce alamar da ta fi shafar tsintacce, kuma ita ce 'yan kasuwa suka fi kallo. In ana son sanin shekarun da ya yi a kwance, ana auna kabon-14 da hasken sarari ya haifar a jikinsa. Daga ranar da ya sauka haifuwar ta tsaya, abin da ke ciki kuma yana raguwa da rabi duk shekara 5,730. Haka aka gano wasu duwatsun Sahara sun faɗo tun shekaru dubu goma-goma, kafin zamanin da hamadar Tenere ta Nijar ke da tafkuna da kifi.

To, in an buɗe tagar ba a ga ƙwayoyi ba fa? Nan aiki ke tsananta, nan kuma kuɗi suke. Dutse marar ƙwayoyi ya fito ne daga uwar da ta yi girma har ta narke, ƙarfenta ya nutse tsakiya, samanta ya zama dutsen aman wuta. Matsalar ita ce duniyarmu ma haka ta yi, saboda haka a ido bai da bambanci da baƙin dutsen Biu ko na Jos, in ba ɓawo ba. Abin da ke raba gardama shi ne iskar oksijin da ke ɗaure cikin ma'adinan. Nau'i uku gare ta, kuma tun aikin Robert Clayton a jami'ar Chicago a shekarun 1970 aka san kowace uwa da nata gwargwadon: duniya da wata a layi ɗaya, Mars a nata layin, Besta, wani ƙaton curi da ke yawo tsakanin Mars da Jupita, a nata. Ana ƙarawa da gwargwadon ƙarfe da manganis a cikin pairoksin. Da irin wannan awo aka san dutsen Mayo Belwa na 1974 ɗan wani ƙaramin dangi ne mai farin launi da kusan babu ƙarfe a ma'adinansa. Na Gujba kuwa, da ya faɗo a Yobe ranar 3 ga Afrilun 1984, ya ƙi shiga kowane sananne cikin gidajen nan: dunƙule-dunƙulen ƙarfe ne zagayayyu cakuɗe da na dutse, aka sa shi a wani ƙaramin gida mai suna CB, masana da dama kuma suna ganin daga tururin wani gagarumin karo ya daskare.

Awon oksijin yana cewa waɗannan duwatsu uwarsu ɗaya, amma ba ya faɗin sunanta. An daɗe da sanin cewa duwatsun Shergotty na Indiya, Nakhla na Masar da Chassigny na Faransa 'yan gida ɗaya ne, kuma sun yi ƙuruciya ƙwarai a ce daga ƙaramin curi suka fito. Hujjar ta zo a 1983, da masana biyu, Bogard da Johnson, suka auna iskar da ta maƙale a gilashin wani dutse na Antatika suka ga ta dace da iskar Mars da kumbon Viking ya auna a 1976. A 1995 aka sami irin wannan iska a dutse na biyu, kuma namu ne: Zagami, mai kilo 18, da ya faɗo a lardin Katsina ranar 3 ga Oktoban 1962, taku kaɗan daga wani manomi da ke korar hankaki a gonarsa. Ya daskare daga aman wuta shekaru wajen miliyan 180 da suka wuce, wani karo ya cillo shi daga Mars wajen shekara miliyan 3 baya. An kai shi gidan adana duwatsu na hukumar binciken ƙasa a Kaduna, daga baya babban kaso ya shiga hannun 'yan kasuwa aka yayyanka. Ɗan ƙaramin gutsurensa ma ya koma inda ya fito, a jikin kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a 1996. Dutsen Agadez ɗan gidan Zagami ne, kuma ta wannan hanya aka gane shi, bayan an aika ɗan yanki zuwa gidan tarihin taurari na Shanghai. A lura da wannan: inda na'ura take, sau da yawa can samfurin dindindin yake zama. Ƙasar da ba ta da wurin awo da wurin ajiya da aka yarda da su, ko giram 20 ɗin ma ba ta gani.

Irin waɗannan kuwa ƙalilan ne, na Mars gaba ɗaya wajen 400. Mai tsintuwa ya sa a ransa cewa H5 ko L6 ne a hannunsa, wanda a kasuwa sau da yawa giram ɗinsa ba ya kai dala ɗaya.

Sai suna. Ƙa'ida ita ce a kira dutse da sunan wurin da ya fi kusa da inda aka same shi: gari, tsauni, rijiya, kwari. Inda tsintuwa ta yi yawa sai a ba yankin suna a bi da lamba, kamar Dar al Gani a Libiya, Acfer a Aljeriya, Grein da Tiffa a Nijar. Amma daga ƙarshen shekarun 1990 kasuwa ta buɗe a garuruwan Erfoud da Rissani na Maroko, duwatsu suka riƙa zuwa buhu-buhu, sun bi hannu biyar ko shida, babu mai faɗin inda ya samo, wani don bai sani ba, wani don kada a bi sawunsa. Kwamitin raɗa suna ya rasa yadda zai yi, ya buɗe musu rumbu ɗaya, NWA, wato arewa maso yammacin Afirka, lambobin suka yi ta hawa har suka wuce 16,000. Dutsen dala miliyan 5.3 ma a nan ya faɗa, NWA 16788.

A ganina nan ne asarar take, kuma ta fi ta kuɗi. Aji, zafi, duka, tsatsa, shekaru, duk ɗakin bincike zai iya zaƙulo su daga jikin dutsen ko bayan shekara 100. Inda aka ɗauke shi ne kaɗai babu na'urar da za ta dawo da shi. Dutse ɗaya yakan tarwatse a sama ya zuba a fili mai tsawon kilomitoci, ƙanana su fara sauka, manya su wuce gaba. Da taswirar wannan fili ake sanin inda ya fito da girmansa, ake kuma sanin gutsure 50 abu ɗaya ne ba 50 ba. In babu ita, faɗuwa ɗaya sai ta sami lambobi goma, lissafin yawan kowane aji ya gurɓace. NWA 869 kaɗai ya haura tan biyu, dubban gutsattsari, an kuma sha ba 'yan uwansa wasu lambobi dabam. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin wayar hannu ba: hoto kafin a taɓa dutsen, da wani abu a gefensa don a san girmansa, lambobin GPS, kwanan wata, da nauyi. Kada a wanke, kada a shafa mai, kada a sa guduma a nemi lu'ulu'u a ciki.

Sudan ta nuna abin da wannan ke haifarwa. Ranar 6 ga Oktoban 2008 wani mai duban taurari a Arizona ya hango curi mai faɗin mita 4 ya nufo duniya, aka lissafa inda zai sauka, washegari da asuba ya tarwatse a saman hamadar Nubiya. A watan Disamba Muawia Shaddad na jami'ar Khartum da Peter Jenniskens daga Amurka suka jera ɗalibai sahu guda suka taka hamadar da ƙafa, kowane gutsure aka rubuta inda yake kafin a ɗaga. An tara wajen 600, kimanin kilo 10 da rabi, aka kira su Almahata Sitta, da sunan tashar jirgin ƙasa ta shida tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamed. Da aka auna, yawancinsu wani dangi ne marar ƙwayoyi mai suna yurelait, amma a tsakiyarsu ga H, ga L, ga wasu dangogin da ba a taɓa zaton za a same su a jiki ɗaya ba, dukkansu sababbi fil, dukkansu a layin faɗuwa guda. Curin ashe tarkace ne na uwaye dabam-dabam da suka haɗu suka manne. Da a buhu suka isa Erfoud, kowanne da lambarsa zai tafi, babu wanda zai san tare suka zo.